Tarar da Aka Biya a Kotu Tana Iya Bin Mutum Har Ƙasar Waje

A wannan fitowa ba zan yi maganar taki ko maganin ƙwarin rumbu ba. Wata magana ce ta tare ni a wurin zagaye, na ga kuwa ta shafi gidaje da yawa cikin ƙungiyoyinmu na gama kai, gama yanzu da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da saurayi ko budurwa mai neman fita ƙasar waje, ko don karatu ko don aiki.

Bayan an tashi daga taron wata ƙungiya, ma'ajinsu ya ja ni gefe, ya ce ɗan ƙanensa yana so ya gan ni. Saurayin ya gama makarantar koyon aikin jinya, ya yi shekara uku yana aiki, ya ci jarrabawar da ake bukata, har wani asibiti a Ingila ya yi masa alkawarin aiki. Saura biza kaɗai. To, cikin fom ɗin bizar akwai tambaya ko wata kotu ta taɓa samunsa da laifi a kowace ƙasa. Nan ne gizo ke saƙar. Sa'ad da yake ɗan shekara 19, shi da abokinsa sun ɗauki buhun taki biyu daga siton ƙungiya sun sayar. Kwamiti ya fusata, aka kai su wurin 'yan sanda, daga can sai kotu. Wani ya raɗa masa cewa in ya amsa laifi zai kwana a gida. Ya amsa, aka ci shi tara, ubansa ya sayar da akuya biyu ya biya tarar da kuɗin takin. Shekara tara ke nan. Garin duka an manta, yaron ma shi ne shugaban mawaƙan matasa. Dillalin da ke taya shi cika takardu ya ce masa, "Rubuta a'a kawai, wa zai sani?" Shi kuwa zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Tambayarsa ta sa na zauna na bi dokokin ƙasashen da 'ya'yanmu suka fi nufa. Ga abin da ya kamata kowane gida ya sani.

Tara ma hukunci ce

Mutanenmu da yawa suna tsammani wanda bai kwana a gidan yari ba, ba shi da tabo. Ba haka abin yake ba. Akwai wanda 'yan sanda suka kama suka sake shi, magana ba ta kai kotu ba. Akwai wanda aka kai kotu, alƙali ya kori ƙarar ko ya wanke shi. Akwai kuma wanda kotu ta same shi da laifi. Na ukun nan shi ne mai tabo, ko da me aka yanke masa. Ko tara ce, ko bulala, ko sharar harabar kotu ta mako guda, ko ɗaurin je-ka-gyara-halinka, duk ba sa zuwa sai bayan alƙali ya rubuta cewa mutum ya yi laifi. Wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce "na yi", ya sauƙaƙe wa kotu kiran shaidu ne kawai, amma abin da za a rubuta a kansa ɗaya ne da na wanda aka yi wata shida ana shari'arsa.

A Nijeriya, mai neman shaida cewa ba shi da hukunci a kansa yakan nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Akan ɗauki zanen yatsunsa a gwada da abin da ke cikin babbar rajistar masu laifi, wadda ofishinta ya daɗe a Alagbon, cikin Ikoyi ta Legas. Yanzu ta intanet ake fara neman takardar. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce a aika hukuncin kotu zuwa rajistar nan cikin kwana 30. Kowa ya sani ba kowane hukuncin ƙaramar kotu ne ke isa can ba, saboda haka mai tabo yana iya karɓar takarda fes. Da wannan ne dillalai suke ruɗin yaranmu. Amma fom ɗin biza bai tambayi abin da ke cikin rajista ba. Kai ya tambaya, kai kuma za ka sa hannu cewa abin da ka rubuta gaskiya ne.

Ingila

Zan daɗe a kan Ingila, domin can ne masu aikin jinya da malamanmu suka fi nufa. Tun 2017, wanda zai je aikin lafiya, ko koyarwa, ko kula da marasa ƙarfi, dole ya kawo takardar 'yan sanda daga kowace ƙasar da ya zauna wata 12 ko fiye cikin shekara goma da suka wuce. Ga masu sa rai ga aikin kula da tsofaffi, a sani cewa an rufe ɗaukar sababbin ma'aikata daga waje don wannan aiki a watan Yuli na 2025. Duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan wannan biza yau, cuta ce.

Ka'idar da suka kafa a watan Disamba na 2020 ta raba masu tabo ta wurin tsawon ɗauri. Wanda aka taɓa ɗaure shi wata 12 ko fiye, a kowace ƙasa, dole jami'i ya hana shi biza. Wanda ɗaurinsa bai kai wata 12 ba, ko wanda tara kawai aka ci shi, jami'in yana da ikon ba shi ko hana shi. A nan ne yakan duba irin laifin, da yawan shekarun da suka wuce, da ko sau ɗaya ne ko hali ne, da abin da mutum ya yi da ransa tun daga lokacin. Mai neman bizar ziyara kuwa, in bai cika wata 12 da gama ƙaramin ɗaurinsa ba, ko da yanke masa tara, ba za a ba shi ba, sai ya jira.

Watau saurayinmu mai buhun taki yana cikin waɗanda ake iya ba su. Laifi ɗaya ne, tara ce, shekara tara ta wuce, ga aikin kirki a bayansa. Amma in ya bi shawarar dillali aka gane, dokar Ingila ta ce wanda ya yi yaudara cikin neman biza a hana shi shiga har shekara 10. Ga shi kuma hukumar da ke rajistar masu aikin jinya a can tana da tata tambayar a kan hali, ƙarya a gabanta kuwa tana iya raba mutum da aikin ɗungum. Ku auna da kanku, wanne ya fi nauyi, tarar ko ƙaryar?

Wani zai ce ai ya ji Turawan Ingila suna da dokar da ke shafe tsohon laifi. Gaskiya ne, tun 1974 suna da dokar da ta ce bayan wasu shekaru ƙaramin hukunci ya zama kamar ba a yi ba, mutum ba sai ya faɗa wa yawancin masu ɗaukar aiki ba. Amma tun 2012 an fitar da sha'anin shige da fice daga ƙarƙashin wannan doka. A gaban mai ba da biza babu laifin da ya tsufa har a daina faɗarsa.

Tambayar kuma ba sau ɗaya ake yin ta ba. Za a sake yi a wurin sabunta biza, a sake yi a wurin neman zama na dindindin, a sake yi in mutum ya nemi zama ɗan ƙasa. Wanda ya fara da a'a ta ƙarya ya ɗauki kayan da zai riƙa sāɓa kowace shekara, ranar da kayan suka faɗi kuwa yana da mata da 'ya'ya a makaranta, da bashin gida a wuyansa.

Amurka da Kanada

Amurka ba tsawon ɗauri kaɗai take dubawa ba, tana duban irin laifin. Dokarsu ta shige da fice ta 1952 ta ware laifuffukan da take ɗauka alamar lalacewar hali ne, sata da zamba suna kan gaba a cikinsu. Akwai sassauci ga wanda ya yi irin wannan laifi sau ɗaya tak, in hukunci mafi tsanani da doka ta tanada wa laifin bai wuce ɗaurin shekara ɗaya ba, shi kuma ba a yanke masa fiye da wata shida ba. Ku lura da kyau, ba abin da alƙali ya yanke kaɗai ake dubawa ba, har da abin da doka ta ba shi ikon yankewa. Dokar laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod da ta fara aiki a 1960, ta sa wa sata ɗauri har shekara biyar a sashi na 287. Jihohi da dama sun sabunta tasu tun daga nan, amma sata ba ta zama abin wasa a kowacce ba. Saboda haka wanda aka ci tara a kan kaza guda yana iya rasa wannan sassauci. Akwai wani sassaucin ga wanda ya yi laifin tun bai kai shekara 18 ba, in shekara biyar ta wuce.

A kan ƙwaya kuwa, babu sassaucin ƙaramin laifi ko kaɗan. Yaron da aka kama da ƙullin wiwi a tasha kotu ta same shi da laifi, ya rufe wa kansa ƙofar Amurka, sai fa in an yi masa rangwame na musamman, wanda samunsa ba sauƙi. Iyaye, wannan magana a faɗa wa samarin da ke shan ƙwaya don su jure aikin gona ko haƙar kuza.

Fom ɗin Amurka yana da faɗi. Yana tambaya ko an taɓa kama ka, ba ko an hukunta ka kaɗai ba, yana kuma ƙara da cewa ko da an yi maka afuwa daga baya. Tsarin mulkinmu na 1999 ya ba gwamna da shugaban ƙasa ikon yin afuwa, amma afuwar nan ba ta sauke wa mutum nauyin amsa tambayar. Wanda ya yi musu ƙarya a kan abu mai muhimmanci, hanin da za a yi masa ba shi da ranar ƙarewa. A watan Disamba na 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da ba 'yan Nijeriya yawancin bizar ziyara da ta karatu da ta ƙaura, ta kusan rufe wa 'yan Nijar ƙofa gaba ɗaya. Wancan umarnin shugaban ƙasa ne, wani shugaban yana iya janye shi. Dokar laifin ce mai daɗewa.

Kanada takan ɗauki laifin da mutum ya yi a ƙasarsa ta gwada shi da dokarta, ta ga da a can ya yi shi da me zai zama. Abin da muke gani ƙarami yana iya zama babba a wurinsu. Tun Disamba na 2018, tuƙi cikin maye yana cikin manyan laifuffuka a Kanada, hukuncinsa yana kaiwa shekara 10. Mai hawa babur bayan ya fito daga gidan burkutu ranar kasuwa, ya ji. Amma Kanada ta bar ƙofar gyara. Bayan shekara biyar da gama hukunci, mutum yana iya roƙo a ɗauke shi a matsayin wanda ya gyaru. In kuwa laifi ɗaya ne, ba babba ba a dokarsu, bayan shekara 10 akan ɗauke shi haka ko bai roƙa ba. Abin lura shi ne ranar da ake fara ƙirga. Ba daga ranar laifi ba ce, daga ranar da hukunci ya cika ne, in tara ce kuwa ranar da aka gama biyanta. Wanda ya bar saura a kan tararsa bai fara ƙirga ba tukuna. Ƙarya a fom ɗin Kanada tana jawo hani na shekara biyar.

Ƙasashen maƙwabta ba su da wannan tsanani a bakin iyaka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna har kwana 90 ba biza, ko da yake kowace ƙasa ta riƙe ikon hana wanda dokarta ta ƙi. Ɗan cirani da ya nufi Gana ba wanda zai tambaye shi tarar da ya biya. Sai in ya nemi aiki mai takarda, ko a can ko a ƙasashen da Faransa ta mulka irin su Kamaru da Nijar, inda aka saba neman takardar kotu mai nuna ko akwai hukunci a kan mutum kafin a ɗauke shi aiki.

Wa zai sani?

Mu koma kan tambayar dillali. A dā, hukuncin ƙaramar kotu yana kwance cikin fayil ne har gara ta cinye. Yanzu 'yan jarida sukan zauna a kotunan majistare da na yanki su rubuta labarin wanda aka ɗaure don satar doya, da sunansa da shekarunsa da unguwarsu, labarin kuwa ya zauna a intanet ba ya gogewa. Rajistar 'yan sanda ma ana ta mayar da ita cikin kwamfuta. Ban da wannan, akwai abokin hamayya, akwai budurwar da aka yaudara, akwai ɗan'uwan da aka hana rance. Wasiƙa ɗaya zuwa ofishin jakadanci ta isa. Dillalin da ya ce a rubuta a'a ya riga ya karɓi kuɗinsa, sunansa kuwa ba ya kan fom. Mu masu bi ba ma bukatar tsoron kamu kafin mu faɗi gaskiya, amma na kawo waɗannan domin wanda zuciyarsa ke rawa ya ga cewa ko a lissafin riba da hasara ƙaryar ba ta biya.

Wanda ya riga ya fita kuma ya yi hankali da ƙananan abubuwa. A Ingila, in 'yan sanda suka ba mutum gargaɗi a rubuce ya karɓa, ya amsa laifi ke nan, za a rubuta shi a rajista ko da bai ga alƙali ba. Tuƙi ba inshora, ɗaga wa mata hannu, dukan yaro irin wanda muka saba a gida, duk suna iya fitowa ranar sabunta biza, ko ranar da mai ɗaukar aiki ya bincika. Baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye, dokarsu ta 2007 ta ce a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu, sai in yana da hujja mai ƙarfi.

Duk mai tabo da ke da niyyar fita wata rana, kada ya jira sai tafiya ta matso. Ya je kotun da ta yi shari'arsa ya nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu, ya karanta ya ga wane sashi na doka aka rubuta, da abin da aka yanke, da ranar. Sau da yawa abin da iyali ke tunawa ba shi ne a takarda ba. Wani yana tsammani an hukunta shi, ashe ƙarar aka kora. Wani yana tsammani sulhu aka yi, ashe an rubuta ya amsa laifi. Rasidin tara a adana shi tare da takardar gona. Wanda aka wanke shi ma ya karɓi kwafin, domin shi ne shaidarsa in aka tambayi zancen kamu. Kada kuma a bar yaro ya amsa laifin da bai yi ba don kawai ya kwana a gida. Marar kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 don talakawa, tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi.

Ga kwamitocin ƙungiya

Yanzu maganata da shugabanni da ma'aji da magatakarda ce. Na ga ƙungiyoyin da in mamba ya kasa biyan rancen taki bayan kaka, sai a kira masa 'yan sanda. Bashi ba laifi ba ne. Dokar nan ta 2015 ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Don a kauce wa wannan, sai a rubuta ƙarar da sunan cin amana ko zamba, a mai da mai bashi ɓarawo a takarda. Kuɗin yana iya fitowa, amma kun ɗora wa ɗan'uwa tabon da ƙasashen waje suka fi ƙi, a kan buhun masara biyar da damina ta hana shi.

Ba cewa nake a rufa wa ɓarna asiri ba. Ma'ajin da ya cinye kuɗin gwauraye da marayu ya ƙi tuba, da mai taɓa yara, da mai zub da jini, hukuma ce wurinsu, ikkilisiya kuwa ba ta da ikon ɓoye su. Amma ga saurayin da ya yi wautar farko a kan abu kaɗan, muna da hanyar da Matiyu sura 18 ta shimfiɗa mana, daga magana tsakanin mutum biyu, zuwa shaidu, zuwa gaban jama'a. Muna da dattawa, muna da mai unguwa. A sa shi ya biya, a sa shi ya yi noma a gonar ƙungiya, a rubuta yarjejeniya iyayensa su sa hannu. Ina ba da shawara kowace ƙungiya ta sa cikin dokokinta cewa ba a kai mamba ko ɗan mamba wurin 'yan sanda a kan dukiyar ƙungiya sai babban taro ya zauna, an kuma kwana bakwai da aukuwar abin. Fushin ranar farko ba ya yanke shawara mai kyau.

Saurayinmu ya je kotun sau uku kafin a gano fayil ɗinsa. Rasidin tarar ya ɓace tun rasuwar ubansa, amma an sami biyan a littafin kuɗi na kotu, magatakarda ya ba shi shaida a rubuce. Ya amsa tambayar fom da i, ya haɗa kwafin hukunci, da gajeriyar wasiƙa mai faɗin abin da ya faru ba tare da kare kai ba, da shaidar fastonsa da ta shugabar sashen da yake aiki. Ya kuma sanar da asibitin Ingila da bakinsa, suka ce alkawarinsu yana nan. Har ranar da nake rubutun nan amsar bizar ba ta zo ba, ina roƙo ku sa shi cikin addu'a.

Da ma'ajin nan yake raka ni bakin hanya, ya riƙe mini babur ya ce, "Malam, ka san ni ne na rubuta takardar da aka kai su wurin 'yan sanda?" Ya ce a taronsu na watan gobe shi da kansa zai kawo shawarar kwana bakwai ɗin.